Rano, Garin Autan Bawo: Jagorar Baƙo

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutane da yawa a ƙasar nan sun ji sunan Rano tun suna yara, sa'ad da ake lasafta musu Hausa Bakwai, amma kaɗan ne suka taɓa ɗaura niyya suka je suka ga garin da idonsu. Wanda ya je kuwa, galibi kasuwa ce ta kai shi, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, ya gama abin da ya kawo shi ya juya, bai san ya taka ƙasar ɗaya daga cikin tsofaffin biranen Hausa ba. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta wannan ɗan bayani, ya zama jagora ga wanda Allah ya nufa da zuwa, domin ya san abin da zai duba da ma'anar abin da ya gani.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Rano 'yar'uwar Kano ce wajen asali, maƙwabciyarta ce kuma wajen zama. Wannan maƙwabtaka ita ta kawo mata arziki, ita kuma ta hana ta bunƙasa, kamar yadda tsiron da ya fito a gindin babbar kuka yakan sami inuwa amma ya rasa rana. Duwatsun garin, da ganuwarsa, da fadarsa, da karofinsa, duk shaidar wannan zama suke bayarwa.

Hanyar zuwa

Rano tana kudu da birnin Kano, tsakaninsu kimanin mil 35 ne. In ka tashi daga birni sai ka kama hanyar Zariya, ka ƙetare kogin Calawa a gadar Tamburawa, in ka isa Karfi ka karya hagu, ka ratsa Bunkure, sa'an nan ka nufi Rano. Mota takan yi tafiyar cikin sa'a guda da 'yan mintoci. A zamanin da kuwa fatake da jakunansu sukan kwana a hanya.

Tun kafin ka isa za ka ga ƙasa ta fara sakewa. Shimfiɗaɗɗen filin da ya kewaye Kano yana ƙarewa, manyan duwatsu suna ɓullowa nan da can, waɗansu sun hau kan waɗansu kamar an jera su da hannu. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga arewacin Kano, don haka za ka ga dawa da masara da gyaɗa da rake sun yi kyau, ɗorawa da kaɗanya kuma sun yawaita a gonaki. Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne daga kaka zuwa hunturu, sa'ad da aka yi girbi, ciyawa ta kwanta, ana iya ganin alamun da damina takan rufe.

Asalin garin

Labarin asalin Rano yana cikin labarin Bayajida, wanda Daurawa suka riƙe. An ce Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno, ya gudo yamma ya bar matarsa a Garun Gabas, inda ta haifi Biram. Ya biyo ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, suka haifi Bawo. Shi kuma Bawo ya haifi 'ya'ya shida: Gazaura ya ci sarautar Daura, Bagauda Kano, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Kumayau Katsina, Zamna Kogi kuwa Rano. In an haɗa da Biram sun cika bakwai. Zamna Kogi shi ne na ƙarshe a jerin, shi ya sa har yau ake yi wa Sarkin Rano laƙabi da Autan Bawo.

Wannan labari na baka ne, kaka da kakanni suka miƙo shi, ruwayoyinsa kuwa sun bambanta. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda ya sauka a Kano cikin 1851, ya ji wata ruwaya da ta ce Kano da Rano tagwaye ne. Ya ji kuma yadda aka raba wa 'ya'yan aiki: Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Kano da Rano sarakunan baba, watau masu rini. Ko auta ko ɗan tagwaye, ruwayoyin duka sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa Rano ta taɓa zama ƙasa mai sarkinta, a sahu ɗaya da Kano da Katsina.

Duwatsu

Abu na farko da ya kamata baƙo ya yi shi ne ya nemi ɗan gari ya raka shi su hau ɗaya daga cikin duwatsun da ke kusa, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga bisa zai ga gari duka da gonakinsa da hanyoyin da suka fita daga cikinsa, nan take kuma zai gane dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi wannan wuri.

Tsofaffin garuruwan Hausa da yawa a gindin dutse aka kafa su. Kano ta tashi a gindin Dala, tsohuwar Zazzau kuma ta zauna a Turunku da Kufena. Dutse yana ba mutane mafaka ranar hari, domin doki ba ya hawansa. Mai tsaro yana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Ruwan da ya gangaro daga kansa yana taruwa a gindinsa, ƙasar wurin ta yi ni'ima. Kafin zuwan Musulunci kuma a kan duwatsu ake yin tsafi, kamar yadda Barbushe ya yi a Dala. Har wa yau akwai Maguzawa a ƙauyukan kudancin Kano, jikokin mutanen da suka daɗe a kan al'adun farko, ko da yake da yawansu sun shiga Musulunci, waɗansu kuma Kiristanci.

Ganuwa

Da ka sauko sai ka nemi a nuna maka inda ganuwa ta bi. Kada ka sa ran ganin bango tsaye kamar yadda yake a zamanin yaƙi. Abin da za ka nema shi ne dogon tudu na ƙasa wanda ya miƙe ya lanƙwasa, da kwari a bayansa. Tudun shi ne ganuwar, kwarin kuma shi ne gwalalo, inda aka haƙi ƙasar ginin.

Ga yadda ake gina ganuwa a ƙasar Hausa. Sarki yakan raba aikin ga unguwanni da ƙauyuka, kowa da yankinsa. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya, a jera shi da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, sa'an nan a yaɓe. A bar sarƙaƙiya ta tsiro a gwalalo don ta tare doki da mai ƙasa. Kowace ƙofa tana da ƙyaure da sarkin ƙofa mai rufewa da almuru. A cikin ganuwa kuma akan bar fili na noma da rijiyoyi, domin in an kewaye gari mutane su sami abin ci, mutanen ƙauye kuma su sami wurin fakewa da dabbobinsu. Bayan kowace damina sai an sake yaɓe inda ruwa ya ci.

Rano ba ta yi ganuwa don ado ba. A cikin Tarihin Kano, littafin da aka rubuta da Larabci, wanda Bature Palmer ya juya da Turanci cikin 1908, aka kuma juya shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, an ce Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga wani wuri da ake kira Zamna Gaba, ya bi shi har Rano. A zamanin Yaji ɗin nan ne Wangarawa suka zo Kano daga Mali da Musulunci. Tun daga wannan zamani ƙarfin Kano ya rinjayi na Rano, auta ya koma ƙarƙashin wa.

Da Rano ta shiga hannun Kano sai ta zama garkuwarta ta kudu. Kwararrafa sun kawo wa Kano yaƙi daga kudu maso gabas a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, suka sake dawowa a zamanin Sarki Dadi har suka shiga birni. Daga baya kuma, wajen 1846, wani malami mai suna Hamza ya tashi daga Tsakuwa da jama'arsa saboda saɓani a kan haraji, suka shige duwatsun Ningi. Magadansa suka yi ƙarfi, suka shafe shekara kusan hamsin suna kawo hari kudancin Kano suna kwasar mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado cikin 1855, ya sha fita yaƙi da su. A waɗannan shekaru garin da ba shi da ganuwa a wannan yanki ba ya barci da ido biyu rufe. In ka tsaya a kan tudun nan, ka tuna hannuwan talakawa ne suka tara shi kwando kwando don tsoron bauta.

Gidan Sarki da masallaci

Daga ganuwa sai ka shiga tsakiyar gari ka nufi ƙofar fada. Tsarin garin Hausa ɗaya ne ko'ina: gidan sarki, da fili a gabansa, da masallacin Jumma'a kusa da shi, kasuwa kuma ba ta nisa. An sha sabunta gine-ginen, amma sarautar da ke cikinsu tsohuwa ce, manyan al'amura kuma sun auku a kanta.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi cikin 1804. Da jama'arsa suka ci ƙarfin Sarkin Kano Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, sai ya gudu Zariya. Zazzagawa ba su yarda ya zauna ba, ya juyo ya nufo Rano. Masu jihadi suka biyo shi suka cim masa a Burumburum, suka kashe shi a can cikin 1807. Watau sarautar gidan Bagauda, wadda Tarihin Kano ya fara lissafinta tun daga wajen shekara ta 999, a ƙasar ƙanensa ta zo ta ƙare.

Bayan rasuwar Sulaimanu, sarkin Fulani na farko a Kano, aka naɗa Ibrahim Dabo cikin 1819. Garuruwa da yawa suka ƙi bi, ya fita ya ci su ɗaya ɗaya, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Tarihin Kano ya sa Rano cikin waɗanda ya ci, ya ce har ya sauka a gidan Sarkin Rano. Duk da haka ba a shafe sarautar ba. Sarkin Rano ya zauna cikin manyan sarakunan ƙasar Kano masu tambari, tare da na Gaya da na Dutse da na Ƙaraye, suna bin Sarkin Kano amma kowa da fadawansa da masu sarautarsa.

Turawa suka zo daga Zariya cikin 1903, suka fasa Bebeji, wadda ke yamma da Rano, suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Bayan haka aka yanka ƙasar Kano gunduma gunduma a ƙarƙashin En'e, Sarkin Rano ya zama Hakimin gundumarsa, yana tara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwa yana aikawa baitulmali a birni. Da yaƙi ya ƙare sai aka bar yaɓen ganuwa, mutane suka fita suka bazu a gonaki, ruwa da iska suka kama aikinsu.

Karofi

Kada ka bar gari ba ka tambayi dattawa inda karofi yake a da ba, domin nan ne sarautar baba ta bar sawunta. Karofi wuri ne mai rijiyoyin rini da yawa kusa da juna. Akan haƙa rami mai zurfin gaba biyu ko fiye, a shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Laso kuwa da katsi ake yinsa, watau dattin da ya kwanta a gindin rijiyar rini, a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin dabba da ruwan dafara. Sai a zuba ruwa da toka da baba, a riƙa motsawa da muciya kwana da kwanaki har ya nuna. Marini ya tsoma zane ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har ya yi baƙin da ake so. Daga nan a kai wa masu bugu su buge shi da shuni a kan gungume sai ya yi walƙiya.

Garuruwan kudu da Kano, irin su Kura da Bunkure da Rano, su ne cibiyar wannan sana'a. Barth ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus, rawunan da Buzaye ke naɗawa kuma har yau ana kiransu 'yan Kura. To, ka lura da yadda abin yake: ana saƙa a ƙauye, ana rini a ƙananan garuruwa, amma a kasuwar Kurmi ake cinikin, sunan Kano kuma kayan ke ɗauka zuwa duniya. Marinan Rano sun ci abinci da kasuwar Kano, sunansu kuwa ya ɓace a cikin nata.

Abu biyu suka karya sana'ar. Cikin 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai araha da saurin kamawa. Cikin 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, yadin Turawa ya cika kasuwa, manoma suka karkata ga gyaɗa. Sannu a hankali rijiyoyi suka bushe, ƙasa da shara suka cike su.

Kewayen gari

Wanda yake da sukunin kwana biyu, ya fita ya ga maƙwabta. Kudu maso yamma akwai Rurum, mai tsohon gari da sabon gari, duwatsunta kuma abin kallo ne. Gaba da ita akwai madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178. Daga nan aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman rani na shinkafa da alkama da tumatir. Amfaninta babba ne, amma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ga raguwar ambaliyar da suka saba noma da kamun kifi da ita.

Gabas da Rano kuma akwai Kibiya da ƙauyukanta, irin su Tarai da Durba da Fammar da namu Fassi. In ka wuce ka yi kudu maso gabas za ka isa Burumburum inda Alwali ya cika. Can gaba kuma dajin Falgore ne.

Sarautar a zamaninmu

An kafa Jihar Kano cikin 1967, cikin 1976 kuma ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. Cikin Mayu 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi suka zama masarautu masu daraja ta ɗaya, aka ba Rano ƙananan hukumomi 10, aka miƙa wa Alhaji Tafida Abubakar Ila sanda. Ya rasu cikin Mayu 2020, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. Cikin Mayu 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, cikin Yuli na shekarar kuma aka yi wata wadda ta mai da Rano masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Mai karatu zai ga cewa maganar matsayin Rano a gaban Kano, wadda aka fara tun zamanin Yaji, ita ce dai ake juyawa bayan shekara fiye da 600.

Abin da ya rage gare mu

A ƙasar Italiya akwai wani ƙaramin gari mai suna San Jiminyano, wanda babban birnin Fulorans ya rinjaya ya shanye, kamar yadda Kano ta yi wa Rano. Attajiransa na da sun gina dogayen hasumiyoyi har 72, yau 14 suka rage. Mutanen garin sun riƙe su da kyau, cikin 1990 aka sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, baƙi kuma suna zuwa daga ko'ina don su gani. Su da dutse suka yi gini, dutse kuwa yana jiran mai gyara ko da ya makara. Namu na ƙasa ne, ba ya jira. Kowace damina tana cin rabonta, mai ɗiban ƙasar gini yana cin nasa, mai neman fili yana baje saura. Haka kuma labarin da ke bakin tsofaffi, duk wanda ya rasu a cikinsu ya tafi da nasa.

Saboda haka, ya kai wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara, in ka tashi zuwa Rano ka tafi da littafi da alƙalami. Ka fara da gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, kada ka hau dutse ko ka shiga kango sai da ɗan gari. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi sunan kowace ƙofa da kowane dutse, da sunayen sarakunan da aka yi, da inda marina suka zauna, ka rubuta tare da sunan wanda ya gaya maka da ranar da ya faɗa. In ka koma gida ka yi wa garinku haka, domin babu garin da ba shi da kufai da tsohuwar rijiya da dattijon da ya san labarinsu. In ka ga ana haƙar ganuwa, ka kai magana wurin dagaci da lalama.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya jiƙan magabatan da suka gina waɗannan garuruwa, ya kai baƙo lafiya ya komo da shi lafiya, amin.